MAURICE STOKES, GWANIN ƘWALLON KWANDON DA YA SUMA AKA MAYAR DA SHI FILI

Tarihin da muka kawo muku yau na wani baƙar fata ne ɗan ƙasar Amurka mai suna Maurice Stokes, wanda ya rasu tun cikin 1970. Shekara uku kacal ya yi yana buga ƙwallon kwando a babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, watau NBA, amma har gobe in ana lissafin gwanayen wasan sai an sa sunansa. Faɗuwa guda ɗaya ce ta raba shi da wasa. Kansa ya bugu da daɓe ya suma, aka farfaɗo da shi, aka kuma bar shi ya koma fili. Bayan kwana uku jikinsa ya shanye, bai sake tsayuwa da ƙafarsa shi kaɗai ba. Labarinsa ya shafi duk wanda yake neman abinci da ƙarfin jikinsa nesa da gida, ko a filin wasa yake ko a bakin kasuwa.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi ran 17 ga watan Yuni, 1933, a wani ɗan gari da ake kira Rankin, kusa da birnin Pittsburgh cikin Jihar Pennsylvania. Yankin na masana'antun narka ƙarfe ne, ubansa ma a ɗaya daga cikinsu yake aiki, uwarsa kuwa tana aikatau a gidajen masu hali. Tagwaye aka haife su, shi da 'yar'uwarsa. Yana yaro iyayensa suka koma unguwar Homewood a cikin Pittsburgh, inda ya shiga makarantar sakandare ta Westinghouse. Da farko ba a ɗauke shi a bakin komai ba a ƙungiyar makarantar, amma a shekarunsa biyu na ƙarshe sai ga shi ya zama ginshiƙinta, har suka ci kofin birnin sau biyu a jere.

A filayen wasa na Pittsburgh ne ya fara haɗuwa da wani yaro farar fata mai suna Jack Twyman, wanda Stokes ya girme shi da kusan shekara guda. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin za mu sake cin karo da shi.

Cikin 1951 Stokes ya tafi kwalejin Saint Francis da ke Loretto, wata ƙaramar makaranta a cikin tsaunuka wadda ba a san ta da wasa ba. Shi ya fito da sunanta. Cikin 1955 aka gayyace su babbar gasar kwalejoji da ake yi a birnin New York. A wasan kusa da ƙarshe ya ci maki 43 shi kaɗai, amma duk da haka aka cinye su. Na huɗu suka zo, sai dai da aka tashi zaɓen gwanin gasar shi aka ba, aka tsallake 'yan ƙungiyar da ta ɗauki kofi.

IRIN WASAN DA YA TARAR

Kafin mu ci gaba ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake a zamanin nan. Mutum biyar-biyar ne ke karawa a kan daɓen katako, kwandon kuma yana rataye ƙafa 10 daga ƙasa. A ƙa'ida ba a yarda a ture mutum, ko a riƙe shi, ko a doke masa hannu ba, wanda ya yi laifi shida kuwa alƙalin wasa ya fitar da shi. To, amma ƙa'ida daban, abin da ke faruwa a gindin kwando daban. Nan ne ƙarti ke cunkushewa suna jiran ƙwallon da ta ƙi shiga ta dawo, kowa na neman wuri da kafaɗa da ƙugu da gwiwar hannu. Mai tsaron gidan da ya bar abokin karawarsa ya wuce salin-alin, kocinsa zai zaunar da shi a benci. Wanda kuwa ya tare mutum alhali yana sama, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, yana iya kife shi ta ka. Tsakanin waɗannan biyu matsalar wasan take, tun daga farkonsa har yau.

A farkon shekarun 1950 abin ya yi yawa. Akwai wani wasa da aka yi tsakanin Boston da Syracuse a watan Maris na 1953 wanda aka busa laifi fiye da 100 a cikinsa. Wani ƙaƙƙarfan ɗan wasan Minneapolis mai suna Vern Mikkelsen, sau 127 aka fitar da shi saboda cika laifi shida a cikin shekara goma da ya yi yana wasa. Da masu gasar suka ga 'yan kallo na gudu, sai cikin 1954 suka kawo dokar daƙiƙa 24, watau dole ƙungiya ta jefa ƙwallo kwando kafin lokacin ya cika, suka kuma ƙayyade yawan laifin da ƙungiya za ta yi kafin a ƙara mata horo. Waɗannan dokoki sun gyara kallo. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ta yi maganar mutumin da ya ji ciwo.

Ƙungiya takwas ce kawai a gasar, kowace na buga wasa 72 a shekara. Babu fansho. Baƙar fata kuwa sai cikin 1950 aka fara ɗaukarsu, ba su da yawa. Ɗan wasan da ya ce jikinsa na ciwo ya san akwai masu jiran gurbinsa, saboda haka cije wa ciwo shi ne abin yabo, wanda ya faɗi ya tashi ya karkaɗe jiki shi ake kira namiji.

SHEKARA UKU NA BAJINTA

Cikin 1955 ƙungiyar Rochester Royals ta ɗauke shi, shi ne mutum na biyu da aka zaɓa a duk ƙasar a shekarar. A wannan zaɓe ne kuma ta ɗauki Jack Twyman. Tsawon Stokes ƙafa 6 da inci 7, ga faɗin ƙirji, ga nauyi, amma yana gudu da ƙwallo yana raba ta kamar ƙaramin mutum. A wasansa na farko, da ƙungiyar New York, ya ci maki 32, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 20, ya kuma miƙa wa abokansa suka ci sau 8. Kafin shekarar ta ƙare ya taɓa cafe 38 a wasa guda. Shi aka ba lambar gwanin sababbin shiga ta 1956.

A shekararsa ta biyu ya cafe ƙwallo 1,256, abin da ba wanda ya taɓa yi a gasar kafin shi. Cikin 1957 ƙungiyar ta tashi daga Rochester ta koma birnin Cincinnati a Jihar Ohio. A shekararsa ta uku shi ne na biyu wajen cafe ƙwallo, shi ne kuma na uku wajen miƙa wa aboki ya ci, abin da ba safai ake samu wurin mutum ɗaya ba. Duk shekarun nan uku ana sa shi cikin wasan zaɓaɓɓun gwanaye. Wasa 202 ya buga gaba ɗaya, ya cafe ƙwallo 3,492, watau fiye da 17 a kowane wasa.

Wannan lissafi ya isa ya nuna inda Stokes yake yini a fili. Mai cafe ƙwallo 17 kullum a gindin kwando yake, yana turewa ana ture shi. Bai kasance mai gudun karo ba, kuma da wannan hali ya ci abinci.

FAƊUWAR MINNEAPOLIS

Ran 12 ga watan Maris, 1958, Royals suka je Minneapolis domin wasansu na ƙarshe kafin a shiga zagayen neman kofi. Ana cikin wasa Stokes ya kutsa da ƙwallo ya nufi kwando, ya yi tsalle, suka yi karo da mai tsaron gida, ya faɗo kansa ya daki daɓe. Ya yi 'yan mintuna a sume. Aka kawo wani magani mai ƙarfin wari aka shaƙa masa, ya buɗe ido. Ba a kai shi asibiti ba, babu kuma dokar da ta ce a kai shi. Ya koma fili ya gama wasan da maki 24, ya cafe ƙwallo 19. Kowa ya yaba, aka ɗauka magana ta wuce.

Bayan kwana uku, ran 15 ga wata, suka buga wasan farko na neman kofi a birnin Detroit. Abokansa sun lura jikinsa ba ƙarfi, amma ya daure ya ci maki 12, ya cafe 15. Da suka isa filin jirgin sama sai ya fara amai, aka zaci mura ce ko wani abu da ya ci. Aka sa shi cikin jirgi. Jirgi na yin sama ciwo ya taso gadan-gadan, gumi ya jiƙa shi, numfashi ya yi wuya, jiki ya ɗauki karkarwa, har ya fita hayyacinsa. Suna sauka motar asibiti ta wuce da shi asibitin Saint Elizabeth da ke Covington, a tsallaken kogi daga Cincinnati.

Ya yi makonni bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo hankalinsa garau, yana ji yana gane kowa, amma hannu da ƙafa da harshe duk sun ƙi motsi. Da farko likitoci sun ɗauka wata cuta ce ta kama masa ƙwaƙwalwa. Daga baya aka tabbatar buguwar nan ce ta lalata sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa gaɓoɓi. Shekararsa 24 a lokacin.

ABOKIN DA YA TSAYA

Ran 16 ga wata aka sake cinye Royals, wasan shekara ya ƙare, 'yan wasa kowa ya kama hanyar garinsu. A daidai wannan lokaci kuma aka sayar da ƙungiyar ga waɗansu mutane dabam. Iyayen Stokes suna Pittsburgh, talakawa ne, ba su da halin barin aiki su tare a asibiti. Yana da kimanin dala 9,000 a banki, amma ba ya iya sa hannu a ciro, kuɗin magani kuwa kullum ƙaruwa yake.

Jack Twyman a Cincinnati yake zaune da iyalinsa, shekararsa 23. Ba su kasance aminai na ƙut da ƙut ba kafin wannan, abokan aiki ne 'yan gari ɗaya. Amma da ya duba ya ga ba kowa, sai ya tafi kotu ya nemi a naɗa shi waliyyin Stokes bisa doka, aka kuwa naɗa shi. Mai karatu ya tuna cewa wannan ya faru ne shekara shida kafin Amurka ta kafa dokar 1964 da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a.

Abu na farko da ya yi shi ne neman haƙƙi. Ya tattara shaida cewa a bakin aiki Stokes ya ji ciwo, ya kai maganar gaban hukumar biyan diyyar ma'aikata ta Jihar Ohio, ya kuma yi nasara. Da wannan aka sami kuɗin jiyya mai ɗorewa. Na biyu, ya haɗa kai da wani mai otal da ake kira Milton Kutsher a garin Monticello cikin Jihar New York, suka shirya wasan taimako da ake yi kowace shekara lokacin hutu. Manyan gwanayen gasar, har da Wilt Chamberlain, suna zuwa su buga kyauta, abin da aka tara a kai wa majiyyaci. Wannan asusu daga baya ya taimaki waɗansu tsofaffin 'yan wasa da suka shiga wahala.

Na uku shi ne magana. Twyman kan zauna a bakin gado yana karanto haruffa ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan wanda Stokes ke nufi sai ya ƙifta ido. Da haka suke haɗa kalma, su haɗa zance. Duk wannan ɗawainiya ba ta rage wa Twyman wasa ba. A kakar 1959 zuwa 1960 yana cin fiye da maki 31 a kowane wasa.

SHEKARA GOMA SHA BIYU A ASIBITI

Stokes ya ɗauki jiyya kamar yadda ya ɗauki wasa. Kullum yana tare da masu motsa jiki na sa'o'i, ana miƙar da gaɓoɓin da suka sandare. Sannu a hankali ya fara motsa yatsu, ya koyi buga keken rubutu da ƙyar, ya koyi ginin tukwane da fenti, har ya riƙa furta waɗansu kalmomi waɗanda na kusa da shi ke ganewa. Yana bin labarin duniya da na wasanni. Akan tura shi a keken guragu zuwa gidan Twyman ya ci abinci tare da iyalin, akan kuma kai shi kallon wasan taimakon da ake yi dominsa.

Ran 6 ga watan Afrilu, 1970, ciwon zuciya ya ɗauke shi a Cincinnati yana da shekara 36. Bisa wasiyyarsa aka binne shi a harabar kwalejin Saint Francis, aka kuma sa wa zauren wasannin makarantar sunansa. Ƙungiyarsa, wadda yanzu ake kira Sacramento Kings, ta jingine lambar rigarsa, 12, ba mai sake sa ta. Cikin 2004 aka shigar da shi zauren tunawa da gwanayen ƙwallon kwando, Twyman ne ya karɓa a madadinsa. Twyman ya rasu cikin 2012, da shekara ta zagayo kuma gasar ta fito da wata lamba mai ɗauke da sunansu su biyu, wadda ake ba ɗan wasan da ya fi kyautata wa abokan wasansa.

ABIN DA YA SAKE BAYANSA

Gyara bai zo da sauri ba, kuma ba a kyauta aka ba da shi ba. A watan Janairu na 1964, a birnin Boston, zaɓaɓɓun gwanaye suka kulle kansu a ɗakin sa kaya suka ce ba za su fito ba sai an yi musu alkawarin fansho, ga kuma masu talabijin na jira. Dole masu ƙungiyoyi suka sauko. Cikin abubuwan da suka nema har da a ba kowace ƙungiya ma'aikacin da zai riƙa duba masu rauni.

Wajen dokar fili ma, kusan kowane gyara sai da wani ya zubar da jini. A watan Disamba na 1977 Kermit Washington ya naushi Rudy Tomjanovich na Houston ya farfasa masa ƙasusuwan fuska, har ya kusa mutuwa. Aka ci shi tarar dala 10,000, aka dakatar da shi kwana 60, aka kuma tsananta horon faɗa. Cikin 1990 aka ƙarfafa dokar mugun laifi, watau karon da ya wuce kima, wanda zai iya sa a kori mutum nan take. Cikin 2017 aka ba alƙalai ikon ɗaukar shiga ƙarƙashin mai tsalle, a hana shi wurin dira, a matsayin mugun laifi. Ita kuwa dokar da ta fi shafar abin da ya sami Stokes sai a watan Disamba na 2011 aka kafa ta, shekara 53 bayan faɗuwarsa. Ta ce duk wanda likita ya tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ba zai koma wasa a ranar ba, kuma ba zai dawo ba sai alamun ciwo sun ɓace, an gwada shi mataki-mataki.

Waɗannan dokoki ba su kashe tsaron gida ba. Ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, ya isa misali. Sau 3,830 ya kaɓe ƙwallon da aka jefa kwando, ba wanda ya kai shi a lissafin gasar, kuma da saurin ƙafa da sanin lokacin tsalle ya yi wannan aiki. Shi ma bai tsira daga gindin kwando ba, domin a watan Janairu na 1991 gwiwar hannun Bill Cartwright ta fasa masa ƙashin ido. Amma an yi masa aiki, ya huta wasa 25, ya dawo da tabarau na kariya, ya ci kofi cikin 1994 da 1995 a ƙarƙashin Tomjanovich ɗin nan da aka nausa. Hutun da aka ba shi, shi ne Stokes bai samu ba.

ABIN LURA GARE MU

Mu 'yan Arewa ba baƙin wasan ƙarfi ba ne. A dambe, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa ke nan, wasa ya ƙare, ba a tashin mutum a ce ya ci gaba. Wannan hikima ce ta magabata. Abin da ya rage shi ne kada wanda aka sumar yau ya sake ɗaure hannu gobe don kunyar 'yan kallo ko zugar makaɗi.

Haka yake ga ɗan dakon da buhu ya faɗo masa a ka a kasuwar Mile 12, da leburan gini a Badun, da mai babur a Fatakwal ko Anacha. Buguwar kai ba ta nuna kanta nan take. Mutum kan tashi ya yi tafiya ya yi raha, bayan sa'o'i ko kwanaki ciwo ya taso. In wanda ya bugu ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya fara amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na rinjayarsa, ko zancensa ya rikice, ko wata gaɓa ta yi sanyi, to, a kai shi asibiti a ranar. Kada a tsaya yayyafa ruwa, kada kuma a ɗora shi a mota a ce a kai shi gida tukuna. Yaron da ya baro Gitata ko Keffi ya zo neman kuɗi, tafiyar yini ce tsakaninsa da iyayensa, wanda ke kusa da shi a wannan sa'a shi ne danginsa.

Har wa yau, in a bakin aiki abin ya faru, a rubuta rana da wuri da shaidu, a sanar da sarkin Hausawa ko shugabannin ƙungiyar sana'a, a nemi diyya ta hanyar doka kamar yadda Twyman ya yi. Karo-karon 'yan'uwa yana da daɗi, amma ba ya ɗaukar jiyyar shekara goma sha biyu.

Maurice Stokes ya sami aboki irin wanda ba kowa ke samu ba, shi ya sa ya ƙarasa kwanakinsa cikin mutunci. Amma ya fi kyau a ce tun a daren 12 ga Maris an sami mutum ɗaya da ya hana shi komawa fili. Sai mun sake haɗuwa a wannan shafi da tarihin wani.